Ga mai rataye hoton John Adams a ofishinsa

Tun da kakar siyasa ta kunno kai, akwai wani a cikinmu lauyoyi da ba ya buɗe baki sai ya ambaci John Adams, lauyan da ya zama shugaban Amurka na biyu. A taron biki John Adams, a gidan rediyo John Adams, har hoton Baturen ya sa aka buga masa ya rataye a bayan kujerarsa. Wai shi ma lauya ne zai shiga majalisa, don haka sawunsu ɗaya. Ban kira suna ba, kuma ba zan kira ba. Amma tunda tarihin mutumin ake aro ana yafawa, bari mu buɗe shi a gaban jama'a mu ga ko rigar ta yi daidai da wuyan mai ita.

An haifi Adams a 1735 a Braintree, cikin Massachusetts, lokacin ƙasar tana hannun Sarkin Ingila. Mahaifinsa manomi ne mai ɗinkin takalma. Ya gama Harvard a 1755, ya koyar a makaranta a Worcester, da dare yana karatun shari'a a hannun wani lauya, James Putnam. Ya fara aikin lauya a 1758, kuma shari'arsa ta farko, rigimar dawakin da suka shiga gonar maƙwabci, faɗuwa ya yi, domin bai rubuta takardar ƙarar daidai ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ya koma kan littattafansa. Wani kuwa da muka sani, in ya faɗi a kotu, kafin ya kai bakin ƙofa ya riga ya ɗora laifin a kan yaron ofishinsa.

Amma ba wannan ya sa nake rubutu ba. Daren 5 ga Maris 1770 ne ya sa.

A daren nan jama'a suka taru a gaban gidan kwastan na Boston, suna jifan sojojin Ingila da ƙanƙara da sanduna. Sojoji suka buɗe wuta, mutum biyar suka rasa rayukansu, cikinsu har da wani baƙar fata mai suna Crispus Attucks. Gari ya ɗauki zafi, kowa jini yake nema. Aka kama Kyaftin Thomas Preston da sojoji takwas, aka shiga neman lauyan da zai tsaya musu ana ta shan ƙasa. Adams ba masoyin mulkin Ingila ba ne, ya daɗe yana rubutu a kan zaluncin harajinsu, kuma ɗan'uwansa Samuel Adams na cikin masu hura wutar fushin garin. Duk da haka ya karɓi shari'ar, shi da wani matashin lauya, Josiah Quincy. Yana da mata, Abigail, da ƙananan yara, kuma cinsa da shansa a hannun mutanen Boston ɗin nan yake. Ya san abin da zai iya rasawa.

Aka wanke Preston, domin ba a tabbatar shi ya ba da umarnin harbi ba. A shari'ar sojojin aka sallami shida, biyu aka same su da kisan da ba na ganganci ba, aka yi musu lalas a babban yatsa. A nan ne ya gaya wa kotu cewa gaskiyar abin da ya faru taurin kai gare ta, son ranmu ba ya sauya hujja. Bayan shekara uku ya rubuta cewa wannan na cikin mafi kyawun hidimar da ya taɓa yi wa ƙasarsa.

To ga inda nake so mai hoton ya saurara da kyau. A watan Yunin 1770, bayan kowa ya san ya karɓi shari'ar sojojin, kafin ma a fara zama, mutanen Boston suka zaɓe shi wakilinsu a majalisar Massachusetts. Bai saki fayil don ya samu kujera ba. Yana riƙe da shi kujerar ta same shi.

Shekara biyu da suka wuce wata tsohuwa ta shigo ofishina, takarda a ƙulle a bakin mayafinta. An kama ɗanta, ɗan acaɓa, bisa zargin da ya tayar da unguwa gaba ɗaya. Ta sayar da akuyoyinta ta kai wa wani lauya kuɗin. Ya karɓa, ya ba ta rasit, ya ce Baba ki kwantar da hankalinki. Ranar zaman farko da ya hango cincirindon mutane a bakin kotu, a cikinsu akwai waɗanda yake ganin ƙuri'unsu ne gobe, sai ya juya kan motarsa. Wayarsa ta mutu kwana tara. Yaron nan shi kaɗai ya tsaya gaban alƙali, ƙafarsa na rawa. Na ga idon matar nan lokacin da take ba ni labari, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Wanda ya ci ladan kuturu ai aski ya hau kansa. Ba wanda ya ce dole ka yarda yaron ba shi da laifi. Aikin da muka yi rantsuwa a kai shi ne kada a yanke wa mutum hukunci babu mai magana a madadinsa.

Sauran tarihin Adams sananne ne. Ya je babban taron wakilan yankunan Amurka a Filadelfiya a 1774, shi ya gabatar da sunan George Washington ya jagoranci soja a 1775, yana cikin mutum biyar da aka ɗora wa shirya takardar 'yancin kai a 1776, ya tsara kundin mulkin Massachusetts na 1780, ya zama shugaban Amurka na biyu a 1797.

Ba waliyyi ba ne, kuma ba zan ɓoye ba. A 1798 ya sa hannu a dokar da ta sa sukar gwamnati ta zama laifi. Da ita aka ɗaure ɗan majalisa Matthew Lyon na Vermont wata huɗu, aka ci shi tarar dala 1,000, mutanensa kuma suka sake zaɓensa yana cikin kurkuku. A zaɓen 1800 Adams ya sha kaye a hannun Thomas Jefferson. Dokar nan tabo ce a rayuwarsa, kuma abin baƙin ciki shi ne a nan kaɗai na ga kamanni. Wani ko tikitin takara bai samu ba, amma duk matashin da ya yi masa tambaya a Facebook sai ya aika masa takardar barazanar kai shi kotu.

An ce mini ana neman a ja mini kunne, wai ina ɓata wa manya suna. Ban ambaci kowa ba. Tsohuwar dai tana nan da ranta, ɗanta ya fito bayan wata goma sha ɗaya a tsare, kuma rasit ɗin yana cikin durowata, da sa hannu da kwanan wata. Kuɗin akuyoyinta take jira a mayar mata.