A gaya mana abin da ke cikin fim ɗin aljanu kafin a kunna

A Kano, duk lokacin da rigimar fim ta tashi tsakanin hukuma da masu shiryawa, ba ta wuce ɗayan biyu: a yanke wani wuri, ko a hana fim ɗin fita. Da wannan aka fi sanin Hukumar Tace Fina-finai ta jihar tun da aka kafa ta a 2001. Ko a watan Mayun 2025 sai da ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda an sake su ba a kai mata ta duba ba. Amma akwai aiki na uku da ya fi waɗannan araha, wanda ba a cika tada zancensa ba, shi ne a sanar da mai kallo abin da zai tarar a ciki tun kafin ya fara. Inda rashin wannan ya fi yin ɓarna kuwa shi ne fina-finan ban tsoro na aljanu, fatalwa da mayu.

Dalili shi ne a garin nan aljani ba ƙagaggen labari ba ne. Sura guda ce da sunansa a Alƙur'ani, kuma yaron da ya taso a Kurna ko Ɗorayi da wuya a ce bai taɓa jin ana ruƙiya a maƙwabta ba, mace tana ihu da muryar da ba tata ba, malam yana cewa fita, ana amsa masa da ba zan fita ba. Manya ba su manta da zamanin Sumbuka a tsakiyar shekarun 1990 ba, lokacin da 'yan mata a makarantun sakandare suka riƙa faɗuwa rututu. To wannan yaron idan ya ga yarinya a fim ta ƙandare, idonta ya juye, ba zai ce dabarar kyamara ce ba. Abin da ya taɓa ji ta bayan katanga ne yau ya gani da ido. Kakanninmu ma da suke ba da tatsuniyar Dodo da dare suna duban fuskar jikokin, in sun ga ƙaramin ya fara maƙalewa sai su sassauta. Waya ba ta duban fuskar kowa.

Za a ce ai akwai alamar shekaru. Gaskiya ne, hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana raba fina-finai aji-aji: G, PG, 12, 12A, 15 da 18. Sai dai lamba ba ta faɗin dalili. Idan aka rubuta 18, batsa ce, ko jini, ko zagi? Matar da ta yi ɓari watan jiya tana iya kallon fatalwa tana cin gyaɗa, amma a nuno mata jaririn da aka tono daga kabari ta kwana ba ta runtsa ba. Shekarunta sun wuce 18 nesa ba kusa ba, lambar ba ta tsinana mata komai ba. Shi ya sa a Amurka tun 1990 suka fara rubuta dalili a gefen alamar, a Ingila ma haka hukumarsu ke yi, 'yan kalmomi kaɗan da ke cewa akwai kaza da kaza.

Kuma ko lambar ma ba ta isowa hannun yawancin masu kallonmu. A sinima ko Netflix za ka gan ta, to mutum nawa ne ke kallo ta can? Hanyar da fim ke shiga gidajen Kano ita ce shagon turi, daga Farm Centre har ɗan kes ɗin bakin layi. Yaro ya miƙa waya ko memori ya ce, "Oga, a sa min na ban tsoro, mai zafi." A zuba masa na Indiya, na Koriya, na Tailan ko Indonesiya, yawanci fassarar Hausa. Kunna ka ji yadda suke farawa: mai fassara zai yi sallama, ya tallata kamfaninsa, ya karanto lambar waya sau biyu, ya gaida iyayen gidansa ɗaya bayan ɗaya. Katin alamar shekaru da fim ɗin ya zo da shi daga ƙasarsu an datse shi, ko yana nan da Turanci ba mai kula shi. Da dare kuma wayar nan ɗaya za a jingina da filo, yara biyar su zagaye ta, har da 'yar shekara shida. Mutumin da ya samu minti guda na gaida ubangida ba zai rasa daƙiƙa ashirin na cewa "fim ɗin nan akwai shafar aljanu, akwai gawa da maƙabarta, akwai yankan mutum don tsafi, bai dace da yara ba."

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Wani nazari da Victoria Bridgland da abokan aikinta suka fitar a 2023, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi kan irin wannan gargaɗi, ya nuna cewa ba ya rage tashin hankalin wanda ya ci gaba da kallo, har ma yana ƙara masa fargaba kafin abin ya zo, kuma akasarin mutane ba sa fasawa. Na yarda. Na kuma san samarinmu, da ka ce fim ya fi ƙarfin yara ka gama yi masa talla. Amma wanda aka gwada a wannan nazari babba ne da ke yanke wa kansa hukunci. Ni uwar da ke tsakar gida nake magana a kai, wadda za ta jiyo muryar mai fassara daga ɗaki ta ce, "Kai, kashe wannan, ko ka bari ƙannenka su yi barci." Gargaɗin ba maganin tsoro ba ne, bayani ne ga mai ikon cewa a'a, kuma a gidajenmu sau da yawa mai wannan ikon ba shi ne riƙe da wayar ba.

Wasu kuma cewa za su yi a hana fina-finan baki ɗaya a huta. A 2024 hukumar ta ƙasa ta fito da ƙa'idar hana ƙawata tsafin kuɗi da kisan tsafi a fim. Wannan zai iya kama furodusan da ke da ofis da lasisi. Ba zai kama fim ɗin Tailan da aka sauke daga Telegram aka tura ta Xender ba.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba na jin ma ya kamata a yi musu a kansa, na walƙiyar haske. Fina-finan ban tsoro suna son wuta mai ƙyaftawa da sauri, ita kuwa tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu. A Disambar 1997 a Japan, sama da yara 600 aka kai asibiti bayan wani kashi na zanen Pokémon mai irin wannan haske. Yanzu ɗauko abin ka kawo shi Kano, inda har gobe mutane da yawa ke ɗaukar farfaɗiya a matsayin bugun iska. Yaro ya faɗi yana kallon fim ɗin aljanu a ɗaki mai duhu, me kake jin za a ce? Aljanin fim ne ya shige shi. Sai a nufi wajen mai ruƙiya, alhali da an ji gargaɗin haske a farko, wani a gidan zai ce a fara kai shi asibiti.

Aikin bai fi ƙarfin hukumar jiha ba. Ta tsara jerin abubuwan da dole a ambata: shafar aljanu, gawa, tsafi da jini, cutar da yaro, fyaɗe, kashe kai, walƙiyar haske. Ta sa su zama sharaɗi ga 'yan Kannywood da kamfanonin fassara da shagunan turi kafin a ba su lasisi. A faɗe su da baki da Hausa a farkon fim, domin ba kowace uwa ke karanta boko ba, sannan a saka alamar shekaru a cikin sunan fayil ɗin, yadda ko an tura shi waya goma zai tafi da ita.