Tattalin Kano Ba Ya Aiki a Ingila Sai An Juya Shi

Magidanci a Kano da magidanci a Birmingham kukansu ɗaya ne: wata bai mutu ba, aljihu ya riga shi. Amma ƙofar da kuɗin ke bi su fice ba ɗaya ba ce, kuma a nan ne yawancin 'yan'uwanmu da suka zo Ingila suke tuntuɓe. A gida abinci ne ke cinye kaso mafi tsoka na abin da aka samu, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, har tsadar kayan abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A nan kuwa kuɗin haya ne kan gaba, ga harajin kansila (wato ƙaramar hukuma), ga wuta da gas. Abinci ma ya yi tsada, don a watan Maris na 2023 hauhawar farashinsa ta wuce kashi 19, amma duk da haka bai kai kuɗin haya ba. Wanda ya zo da lissafin gida bai sauya shi ba, zai yi ta ƙwauron albasa alhali hita na cin fam-fam a ɗakin da ba kowa a ciki.

Tattalin iyayenmu mata ya tsaya ne a kan abubuwa uku da ba a saye: rana, fili, da mutane. Da kaka ake sayen gero da dawa da wake a Dawanau lokacin da suka faɗi, a jibge a sito. Lokacin da tumatir ya yi araha a 'Yankaba a yanka a shanya ya zama kauɗa, haka kuɓewa da tattasai da zogale. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, ƙanzon tukunya a shanya shi ya koma kwaɗo, abin da ya rage almajiri ya karɓa, dusa da ɓawo su tafi wurin akuya. Babu abin da ke kai wa juji sai abin da ya mutu murus. Wannan ilimi ne mai zurfi, kuma ina ganin bai kamata a raina shi ba don an hau jirgi. Sai dai a Ingila ranar da za ta busar da tumatir babu ita, fili kuwa kowane taku da kuɗinsa, sannan babu mai sallama a ƙofa ya karɓi sauran abinci. Dole a nemo abin da zai maye gurbin kowanne.

Firiza ita ce ranar nan ƙasar. Gidan da ke da iyali kuma ba shi da firiza mai ɗan girma, asara yake yi kowane mako. Ga yadda ake shanyar Turai: a samu gwangwanin tumatir huɗu masu giram 400, tattasai manya biyar, attaruhu biyu ko uku gwargwadon bakin gida, albasa uku. A markaɗa, a ɗora ba tare da murfi ba har ruwan ya ƙone ya koma kusan rabi, sannan a soya da mai. Wannan tafasar ta farko ita ce sirrin. Wadda ta tsallake ta ta zuba markaɗe kai tsaye cikin mai, miyarta za ta yi tsami, kuma idan aka narkar da ita daga ƙanƙara sai ruwa ya ware gefe. A bar shi ya huce cikin awa ɗaya zuwa biyu, a rarraba a ƙananan robobi daidai girki ɗaya-ɗaya, a bar ɗan wuri a sama domin ƙanƙara na kumbura, a rubuta ranar a jikin murfi. Zai yi wata uku lafiya. Daga wannan markaɗen ake fitar da miyar dage-dage, da jalof, da taushe, da faten wake. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daskarar da shi a babbar roba guda. Duk ranar girki sai an narkar da duka an mayar, kafin a je ko'ina ya lalace. Firiza ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili, firji kuma kada ya wuce digiri 5.

Ɗumame na buƙatar magana ta musamman, don al'adar kwanan tuwo a kwano tana da haɗari a gidan da hita ke aiki dare da rana. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe 'ya'yanta. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumi, ƙwayar takan farfaɗo ta saki guba, kuma sake ɗumamawa ba ya kawar da gubar. Hukumar kula da ingancin abinci ta Ingila tana cewa a hucar da ita da sauri, cikin awa ɗaya in da hali, a sa a firji, a ci cikin kwana ɗaya, kuma kada a ɗumama fiye da sau ɗaya. Saboda haka tuwon shinkafa a mulmula shi ƙanana a leda, da ya huce a jefa a firiza. Wannan gargaɗin ya shafi gida ma, musamman a watannin zafi.

Sayen buhu shi ne wurin da tunanin kaka ke yaudararmu. Shinkafa mai kilo 10 a shagunan 'yan Pakistan da Indiya ta fi sauƙi a kan ta ƙananan ledoji, haka man girki da garin masara da wake. Amma buhun albasa a gidan mutum biyu, rabinsa zai tsiro ko ya ruɓe kafin a kai gare shi, sai dai a yi tarayya da maƙwabta a raba. Araha ba ta ado. Kuma kada a jingina buhu da bangon da ke kallon waje, ko a aje shi a ƙasa kusa da injin wanki, domin gidajen nan suna da danshi, fumfuna ba ta jira. Wake in aka saya da yawa a sa shi a firiza mako guda don kashe ƙwayayen ƙwari, sannan a juye a mazubi mai murfi da iska ba ta shiga. A gida ma hanyar hana iska ita ce ta gaskiya: buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko jarka mai tsafta da aka cika taf aka toshe. Zuba fiya-fiya a cikin wake ganganci ne da rayukan mutane, kuma irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya a 2015.

Abu ɗaya da kantunan nan suka fi kasuwanninmu shi ne ƙaramin rubutun da ke ƙasan farashi, wanda ke faɗin kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya. Shi ake dubawa, ba babban farashin ba, don wani lokaci babban kwali ya fi ƙaramin tsada a kilo. A gida mudun wannan kasuwa ba na waccan ba ne, tiya ma wani ya bubbuge gindinta. Sikelin girki ƙarami zai raba gardama: a auna mudun mai awo sau ɗaya a san nauyinsa, daga nan an san wanda ke cika awo. Sai kuma kwanakin da ake bugawa a jikin kaya. "Use by" maganar lafiya ce, ana sa shi a nama da kifi da madara, in ya wuce ba a ci, amma ana iya daskarar da kayan kafin ranar. "Best before" maganar daɗi ce kawai. Taliya da shinkafa da kayan gwangwani ba sa zama guba don ranar ta wuce. Rashin sanin wannan bambancin na sa ana zubar da abinci mai kyau. Da yamma kantuna kan liƙa takarda mai ruwan ɗorawa a kayan da ranarsu ta matso, su karya farashi. Burodi da kifi na irin wannan rangwamen, firiza ce gidansu.

Shagon kayan Afirka kuwa a shiga shi da lissafi. Manja da daddawa da kuka ba su da madadi, kuma kaɗan ke isa. Amma doya da aka ɗauko daga nesa ba abincin kullum ba ce. Alayyafon ƙanƙara yana yin miyar ganye, kabewar Turawa mai dogon wuya tana yin taushe, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba marar sukari tana yin miyar gyaɗa, gajeriyar shinkafar da suke yin fate mai zaƙi da ita tana tuƙuwa ta yi tuwo mai danƙo. A wurin mahautan halal, kaza sukutum ko cinyoyi sun fi tsokar ƙirji sauƙi, ƙashin kuma romo ne. Kilishi da man shanu kada a ɗora wa mai zuwa nauyinsu, doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga Nijeriya, ƙwacewa za a yi.

Wuta ita ce itacen nan. Na'ura mai wat 2,000 in ta yi awa ɗaya tana aiki ta ci yunit biyu, sai a ninka da farashin yunit da ke takardar bil. Da wannan lissafin za a ga cewa kunna obin don gasa cinyar kaza biyu ɓarna ce. Waken da aka jiƙa awa takwas yana nuna a tukunyar furesha cikin minti goma sha biyar, maimakon awa guda ana ƙara ruwa. Murfi a kan tukunya, ruwa daidai buƙata a butar lantarki. Hita a tsayar da ita wajen digiri 18 zuwa 20 a ƙara rigar sanyi, amma kada a kashe ta gaba ɗaya a gidan da ke da jarirai ko tsofaffi, kuma in an shanya wanki a ɗaki a buɗe taga kaɗan. Wanda ya rufe ko'ina ruf don adana ɗumi zai tarar da bango ya yi baƙi, yara na tari, mai gida kuma ya cire kuɗin gyara daga ajiyar haya.

Kasafin wata yana rushewa ne a layin da ba a rubuta ba, wato kuɗin turawa gida. Haya da haraji da wuta banki ke cirewa da kansa a ranarsu. Amma suna, biki, asibiti, kuɗin makarantar ɗan yaya, ragon layya, duk ta waya suke zuwa ba sanarwa, kuma ba mai iya cewa a'a ga mahaifiya. Zumunci wajibi ne, don haka a ba shi gurbinsa kamar haya: a yanke adadi tsayayye na wata, a buɗe masa asusu daban, a ware wani ɗan kaso na gaggawa a ciki. Watan da ba a taɓa ba ya taru don watan Sallah. Miji da mata su san adadin tare, domin ɓoye shi ya raba gidaje. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta siffanta bayin Allah da cewa idan sun ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro, kuma tsayuwa tsakanin biyun sai da alƙalami. Bashin nan ma ba irin na mai shagon unguwa ba ne da ake jin kunyar haɗa ido da shi. Katin bashi da tsarin ɗauki yanzu ka biya daga baya ba su da fuska, jinkiri kaɗan sai tara ko kuɗin ruwa su biyo. Adashi tsakanin mutanen da suka san juna ya fi mini su nesa ba kusa ba, muddin an rubuta jerin kwasa da ranar zubi.

Sai tarkace. A gida tara kaya yana da dalili: jeren kwalla da kumbo da turamen atamfa dukiya ce, ranar matsi dillaliya za ta mayar da su kuɗi, ƙarfe da roba ma 'yan jari-bola za su saya. A nan tsohon kaya kusan ba shi da daraja, a mafi yawan garuruwa kai ne za ka biya kansila ta ɗauke tsohuwar katifa, in ka yar a bakin titi kuma tara ce. Amma ka shiga gidajenmu, ɗaki guda cike yake da jakunkunan gana-mas-go na "za a kai gida", shekara uku suna jiran tafiya. Wannan ɗakin haya ake biya masa duk wata. Akwatin jirgi yawanci kilo 23 ne, abin da ya ƙaru kuwa awo ake yi. A ɗora kowane kaya a sikeli, a ninka da kuɗin kilo na masu jigilar kaya zuwa gida, a kwatanta da abin da irinsa zai ci a gwanjon Ƙofar Wambai. In kuɗin dakon ya fi, a miƙa shi shagon sadaka ko masallacin unguwa, a tura wa mai shi kuɗin ya saya can. Kayan lantarki masu kyau su sun cancanci dako, don soket mai ƙafa uku da ƙarfin wutar ƙasashen biyu iri ɗaya ne. Manyan rigunan sanyi na yara kuwa, iyalin da suka sauka bana da ƙananan 'ya'ya sun fi kowa buƙatarsu kafin watan Nuwamba.