Leƙe Ya Halatta, Tambaya Kuwa Tara

Kawuna tun da ya yi ritaya ba shi da wata hira sai ta ƙwallon lambu, wato golf. Ni kuwa kullum ce masa nake, wasan da ƙwallo ke zaune wuri guda tana jiranka, babu mai tsaron gida, babu mai yi maka ƙeta, ina wahalarsa? Ranar da ya gaji da bakina ya ce in zo in nuna masa. Muka fita mu uku da wani amininsa, Alhaji, mutum mai ƙarancin magana da yawan murmushi.

A wurin da ake fara bugun kowane rami akwai alamomi biyu a ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu. Na zaro ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai, na kafa shi, na gyara tsayuwa.

"Dawo da shi baya," in ji Kawu.

"Kawu, ai tsakanin alamomin yake."

"Ya gota su gaba."

Na duba. Wallahi gotawar ba ta kai faɗin yatsa biyu ba, a filin da tutar ramin ma da ƙyar nake hango ta. Ya ce da na buga daga nan, tarar bugu biyu ce, wato a ƙara mini biyu a lissafi a wasan da mai ƙarancin bugu ke cin nasara, kuma sai na sake daga inda ya dace; idan na ƙi gyarawa har na fara rami na gaba, a gasa an kore ni ke nan. Baya kuwa ina da sarari har tsawon sanda biyu, da mafi tsawon sandunan jakata ake aunawa, ban da wadda ake gangara ƙwallo rami da ita. Ƙafafuna ma in na ga dama su tsaya a waje, ƙwallon ce dai dole ta kasance ciki. Shi kansa tsinken, wai kada ya wuce inci 4. Duk wannan wasu mutane ne a St Andrews ta Sikotlan, hukumar R&A, da takwararsu USGA ta Amurka suka zauna suka rubuta, Kawu kuma ya haddace.

Na mayar da tsinke baya. Ina ajiye kan sanda kusa da ƙwallo, sai ta ɗan taɓa ta, ta faɗo ƙasa. Gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, tun ban fara ba an fara rubuta mini.

"Ɗauki ka mayar. Ba komai."

"Babu tara?"

"Ai ba ka yi niyyar bugu ba."

Nan na ji dokar ta kwanta mini. Ashe mutanen nan suna da tausayi. Na ware ƙafafu, na ɗaga sanda har bayan ƙeya, na cije leɓe, na sako ta da dukan ƙarfin da Allah ya ba ni. Sanda ta yi fiii, na juya kusan sau ɗaya da rabi, hulata ta yi nata waje. Na kafa hannu a goshi ina neman ƙwallo a sararin sama. Alhaji ya ɗan yi gyaran murya, ya nuna mini ƙasa da haɓa. Tana nan zaune a kan tsinkenta, ko gezau.

"Ɗaya," in ji Kawu, yana zaro fensir.

"Gwaji nake yi, Kawu! Motsa hannu ne kawai."

Alhaji, don ya rage mini zafi, ya kawo labarin Zach Johnson, ƙwararren ɗan wasa daga Amurka. A gasar Masters ta 2019, a rami na 13, yana gwajin lilo sandarsa ta kwashi ƙwallon, ta bugi alamar da ke gefe ta gangara, duniya na kallo. Bai biya ko bugu ɗaya ba, ya ɗauko ta ya sake ɗorawa. Na kama wannan hujja da hannu bibbiyu.

"To ka ji! Ni da ban ma taɓa ta ba?"

"Shi ya taɓa bai yi niyya ba. Kai ka yi niyya ba ka taɓa ba. Wanda ke gwaji ba ya nishi irin wanda ka yi, kuma ba ya neman ƙwallo a cikin gajimare."

Bugun da ya biyo baya na same ta, amma a ƙoƙon kai. Ta mirgina kamar mai jin kunya, ta tsaya ba ta ko fita daga tsakanin alamomin ba. A nan kuma doka ta sake yin laushi: tun gyaran 2019, muddin tana cikin wurin, kana iya ɗauka ka sake ɗora ta a tsinke ba tara. Ciyawar wurin ma an yarda ka danne ta da ƙafa, ka share raɓa. Amma da na sunkuya zan ɗan matsar da alamar hagu don ta tsone mini ido, Kawu ya daka mini tsawar da sai da masu wasa a ramin maƙwabta suka waiwayo. Ciyawa ka taka, alama kada ka taɓa. Ya kuma tuna mini cewa daƙiƙa 40 ake so mutum ya yi bugu a ciki, ni kuwa bayanmu har layi ya fara taruwa.

Da muka isa wani gajeren rami, Kawu ya buga tasa ta sauka kusa da tuta tsaf. Na ce bari in nuna ladabi, yaro ya nemi ilimi wurin babba.

"Kawu, wace sanda ce wannan ka buga da ita?"

Ya dube ni cikin tausayi, ya sake zaro fensir.

"Biyu."

"Na me kuma?"

"Neman shawara. Da na amsa maka, ni ma biyu."

Wai nisan rami kana iya tambaya, doka ma kana iya tambaya, amma wace sanda abokin karawarka ya ɗauka, haram. Alhaji ya matso ya raɗa mini cewa leƙa jakar mutum da ido ba laifi ba ne, muddin ban taɓa kayansa ba. Na yi kamar ina miƙa, na karkata wuya wajen jakar Kawu don in ga wadda babu a gurbinta.

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya zare tawul daga kafaɗa ya lulluɓe bakin jakar.

"Ɗaga shi," ya ce, "fensirina bai ƙare ba."