Ku Yi Gudun, Amma Ku Koma Ku Ba Dashen Ruwa

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, maza da mata. Maganar yau ta fi shafar masu fita gudu da sassafe ko da yamma, amma wanda rabonsa da gudu tun yana firamare shi ma ya gyara zama, don sai na taɓo shi.

Akwai abin da na daɗe ina kallo yana ɗaure mini kai. Saurayi majiyi ƙarfi zai shiga gidan motsa jiki ya ɗaga ƙarfe ya ajiye, ya ɗaga ya ajiye har awa guda, ƙarfen kuwa inda ya same shi nan zai bar shi. Ya hau injin gudu ya yi kilomita 5 bai gusa ko taku ɗaya ba. A hanyarsa ta komawa gida ya wuce dattijon da tulin ƙasa ya tare masa ƙofar lambu wata biyu ya rasa mai kwashe masa, ya ce "Baba, ina wuni," ya ƙara gaba. Ban ce ɗaga ƙarfe laifi ba ne, ni ma na ɗaga. Amma da an ba tulin ƙasar nan rubu'in ƙarfin da aka ƙarar a can, da tuni an wuce wurin.

Irin wannan tunanin ne ya haifi ƙungiyar GoodGym a Ingila. Wani mutum mai suna Ivo Gormley ne ya kafa ta a 2009, a yankin Tower Hamlets da ke gabashin Landan. Abin ya samo asali ne daga wani dattijo da fita ta gagare shi, wanda Gormley yake kai wa jarida, da gudu ya je da gudu ya dawo. Yau tsarin ya bazu garuruwa da dama na Birtaniya. A haɗu a wuri ɗaya, a ruga tare zuwa wani lambun jama'a ko makaranta, a kwashe taki, a cire ciyawa, a dasa itatuwa, sannan a rugo a dawo. Akwai kuma masu zuwa gidajen tsofaffi su share musu tsakar lambu ko su gusar musu da kaya masu nauyi. Abin da ya fi burge ni shi ne sunan da suke kiran tsohon da ake ziyarta a kai a kai: koci suke ce masa, wato mai horarwa. Ga shi ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa, amma shi ne ke fitar da mai gudun daga ɗaki.

Ku tsaya a kan wannan ɗin, don nan sirrin yake. Gudun da kake yi kai kaɗai alkawari ne tsakaninka da kanka, kuma babu wanda muke saɓa wa alkawari cikin sauƙi irin kanmu. Agogo ya kaɗa, ka ji ɗan sanyi, ka ce gobe, kuma ba mai tuhumarka. Wannan goben ita ta cinye takalman gudu da yawa da ke ƙarƙashin gado suna shan ƙura. Amma idan ka san mutum tara suna tsaye suna jiranka, kuma kai ne mai kawo shebur, kuma akwai tsohuwar da aka ce wa yau za a zo, to kunya kaɗai ta isa ta tashe ka. Na gwada duka biyun. Niyyar rage tumbi ba ta taɓa riƙe ni fiye da mako uku ba, amma tsoron a ce "wane ne bai zo ba aka fasa" ya riƙe ni shekaru.

Jikin ma yana samun rabonsa cikakke. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani irin gudu, sannan ya ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Wannan na ƙarshen shi masu gudu suka fi mantawa. Gudu yana gyara zuciya da huhu, amma ba ya yi wa hannu da kafaɗa da gadon baya wani abin kirki. Tura baro cike da ƙasa, haƙa rami, ɗaukar bokitin ruwa a kowane hannu, su ke cike wannan giɓin. Hukumar ta kuma ce a 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, mutum wajen biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata. Ko a Ingila tun ƙarshen shekarun 1990 wani likita, William Bird, ya fara tura mutane aikin lambu da gyaran daji a matsayin motsa jiki, tsarin da aka sa wa suna Green Gym. A Suwidin kuma Erik Ahlström ya yaɗa gudu haɗe da tsintar shara a 2016, mutum na sassarfa da leda a hannu, yana sunkuyawa yana tashi.

To yanzu ga inda nasihar take, kuma da kaina zan fara.

Wata shekara mun yi ɗokin dashen itatuwa. Muka rugo da safe mu kusan ashirin, muka haƙa ramuka a gefen wani fili, muka dasa, muka jeru kowa da fartanya a kafaɗa aka ɗauki hoto. Hoton ya yi kyau ƙwarai, an yi ta yaba mana a Facebook har kwana uku. Ba wanda ya tambayi wa zai ba su ruwa, ni ma ban tambaya ba. Bayan wata ɗaya da ɗoriya gudu ya sake bi da ni ta wurin. Na tsaya na kama ɗaya daga cikin dashen, ya karye a hannuna ƙaras kamar tsinke. Ganyen sun murɗe sun zama ruwan ƙasa, ƙasar gindin ta tsage har ina iya zura yatsa. Na bi layin ina ƙirgawa, uku kacal na samu da sauran rai, su ma don suna kusa da inda ruwa ke ɗiga ne daga wani bututu. Abin da muka yi ranar nan aikin baban giwa ne. Mun kashe dashen da wani ya yi watanni yana raino, mun kuma karɓi yabo a kai.

Dasa itace aikin minti goma ne, rainonsa kuwa aikin shekara biyu ko uku ne, kafin saiwarsa ta yi nisan da zai nemi ruwa da kansa. Saboda haka kafin ku haƙa rami na farko, ku rubuta sunan mai ban ruwa na kowane mako, ku kuma san daga ina ruwan zai fito. Idan ƙarfinku na ban ruwan itace goma ne, kada ku dasa hamsin. A wajen dashen ma akwai ƙa'ida. Ramin ya ninka dunƙulen saiwar faɗi, amma kada ya fi shi zurfi, don itacen da aka binne wa wuya ruɓewa yake yi a hankali. A cire ledar da ya zo a ciki gaba ɗaya (na ga wanda ya dasa da ledar, yana cewa ai za ta ruɓe). A danne ƙasar da ƙafa kaɗan-kaɗan, a ba shi ruwa ya sha sosai nan take, a lulluɓe kewayen da busasshiyar ciyawa don ta riƙe laima, amma kada ta taɓa jikin itacen. Ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako ya fi yayyafin kullum, domin yayyafi saman ƙasa kawai yake jiƙawa, sai saiwar ta saba zama a sama. Inda dabbobi ke yawo kuma, dashen da ba a kewaye ba kalaci aka ajiye musu.

Daɗin abin shi ne ban ruwan nan ya dace da mai gudu fiye da kowa. Kana neman dalilin fita sau biyu a mako, ga dalili an dasa maka a ƙasa. Kun san hadisin da ke cewa babu musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi, face ya zama masa sadaka. Ku lura da sharaɗin, sai an ci daga gare shi. Wanda ya bushe a wata na biyu ko tsuntsu bai sauka a kansa ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo a raina. Mun je gyara wa wani dattijo lambun bayan gidansa, ciyawa ta kai gwiwa. Muna isa, jiki da zafi, jini na tafasa, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba muka faɗa wa wurin da fartanya da adda. Cikin rabin awa mun share shi tas. Baba ya fito yana dogara sanda, ya tsaya a kan tulin ciyawar da muka tara, ya sa bakin sandar yana tonawa. Can ya sunkuya da ƙyar ya zaro wani ɗan tsiro mai ganye shida ko bakwai, saiwarsa a guntule. Ya ce, "'Ya'yana, wannan lemo ne. Daga ƙwallo na tayar da shi." Ya juya shi a hannu, ya ajiye a kan katanga, sannan ya ce, "Sannunku da aiki, Allah ya yi muku albarka." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Tun daga ranar muka kafa doka: ba a ɗaga fartanya sai mai wurin ya zaga da mu ya nuna abin da za a cire da abin da za a bari. Ka zo taimako ne, lambun nasa ne, kuma abin da kake gani ciyawa wataƙila shi ya san ranar da ya shuka shi.

Haka kuma kada ku riƙa faɗa wa gidajen mutane ba sanarwa don kawai niyyarku mai kyau ce. A ƙungiyar GoodGym ta Birtaniya sai an binciki tarihin mutum kafin a bar shi ya riƙa ziyartar tsoho a gida, kuma ina ganin hikimar hakan. Ku nemi izini tun kafin ranar, daga mai gida ko danginsa, in filin jama'a ne daga masu kula da shi. Kada mutum ɗaya ya shiga gidan da ba a san shi ba. Kada a ɗauki hoton tsoho ko na ɗakinsa a watsa sai da yardarsa. Rashin ƙarfinsa ba abin talla ba ne.

Sai batun gudun kansa. A kowace tawaga akwai zakaran da yake ganin gasa aka zo. Ya fizga a guje, sabon shiga ya yi ta haki a baya shi kaɗai, ranar ce kuma ta ƙarshe da za ku gan shi. Ku naɗa mutum ɗaya mai ƙarfi ya zama shi ne na ƙarshe kullum, ba ya wuce kowa ko da tafiya ake yi. Masu shirya parkrun, gudun kilomita 5 na kyauta na kowace Asabar da aka fara da mutum 13 a filin Bushy Park na Landan a 2004, suna da irin wannan mai takawa a baya, don kada wani mahalarci ya zama na kashin baya. Ma'aunin saurin kuwa mai sauƙi ne, in ba ka iya yi wa na kusa da kai magana kana gudu, ka yi sauri da yawa. Ka tuna akwai shebur yana jiranka a gaba, kada ka isa wurin aiki ka zube kana neman mai yi maka fifita.

Ku sa safar hannu, musamman wajen tsintar shara, domin fasasshiyar kwalba da allura ba sa sallama. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora a ƙasa da kashin dabbobi take zama, ta rauni take shiga, don haka wanda ya yanke ya wanke da ruwa da sabulu, ya kuma je a duba ko rigakafinsa na nan. Wajen ɗaukar kaya a lanƙwasa gwiwa, a manna kayan da jiki, kada a murɗa ƙugu da nauyi a hannu. In da duhu a sa tufa mai haske, a titin da ba gefen masu tafiya a ƙasa kuma a fuskanci motocin da ke tahowa. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya ga likita tukuna.

Kai kuma da na ce zan taɓo ka, mai cewa ba ka iya gudu: zo da tafiya, za ka same mu a can. Riƙe bakin buhu a zuba taki ba ya buƙatar huhun ɗan tsere. Ba kwa buƙatar rajista ko riga iri ɗaya ko shugaba da sakatare kafin ku fara, na ga tawagogin da suka mutu a wajen zaɓen suna. Mutum huɗu sun isa, da wuri ɗaya da bai wuce kilomita 2 ba, da rana ɗaya tsayayya a mako. Ku riƙe wuri ɗayan nan har ya gyaru kafin ku hango wani.

Itatuwa ukun nan da suka tsira, biyu sun rayu. Muka raba kwanaki, Talata da Asabar, kowa da makonsa, jarka biyu a ajiye a gidan wani da ke kusa da filin. Ɗaya ya riga ya fi ni tsawo. Baba mai lemo kuwa mun kai masa wani dashen, ya karɓa ya gode, amma ya ce shi zai nuna inda za a haƙa, kuma ya tsaya a kanmu da sandarsa har muka gama.