Mijin Cikin Littafin Maman Ummi

Marubutan yanzu ba sa kai littafi maɗaba'a sai sun ba wasu sun ɗanɗana, kamar miya kafin a sauke. Maman Ummi ma haka ta yi da nata. Ta tura wa ƙawayenta marubuta ta WhatsApp, ta tura wa ƙanwata da ke koyarwa a Tudun Wada. Ni da ba na iya karatu a waya, shagon kwamfuta na kai, na sa yaron ya ƙanƙance rubutun ya buga gaba da baya, don takarda ta yi tsada.

"Baban Ummi, gaskiya nake so, ban da kara," in ji ta.

Na gyara zaman tabarau, na ɗauko jan biro. A babi na biyu na cafke ta: wai amarya ta hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja a 2012. Jirgin da sai 2016 ya fara jigila! Na ja layi har biro ya huda takarda.

Sai mijin labarin, wani Alhaji Tanko. Mutumin nan ƙirga dunƙulen Maggi yake yi kafin ya fita. Mita na fara kuka zai kashe firji, ya ce ruwan randa ya fi lafiya. Kayan sallar yara gwanjo yake sayowa a Kasuwar Barci, ya sa a goge, ya ce saƙo ne daga Dubai. Na rubuta a gefe: "Irin wannan miji babu shi a duniya. A rage gishiri, mai karatu ba zai yarda ba."

Da ra'ayoyin sauran suka iso, kowa Alhaji Tanko yake yabo, wai kamar a taɓa shi. Ƙanwata kuwa saƙon murya ta turo, rabinsa dariya: "Anti, wallahi kin yi wa Yaya sutura, tunda ba ki saka zancen ragon layya ba."

Ni dai har yau ban ga kama ba. Alhaji Tanko gajere ne. Kuma ni ba na ƙirga Maggi, leda kawai nake ɗagawa in ji nauyinta. Ragon nan ma, likitan dabbobi da kansa ya ce rago ne.

Maman Ummi ta karɓi gyarana ɗaya, ta cire jirgin. "Ba don shekarar ba ma, Baban Ummi. Ƙawayena sun ce Alhaji Tanko ba zai taɓa yankar tikiti ba. Gaban motar tumatir zai nema wa amarya."

A shafin godiya ta rubuta: "Ga maigidana, wanda ba don shi ba da babu wannan littafi." Na ce to madalla, tunda ta amsa da bakinta, sai mu zauna a yi maganar kasona kafin a kai maɗaba'a.