Muhammad Ali Pasha gwamna aka naɗa shi a Masar

Yana damuna in ji ana cewa Muhammad Ali Pasha "ya hau gadon sarautar Masar" a 1805, kamar wani ɗan sarki ne ya gaji mahaifinsa. Masu faɗin haka suna da uzuri. Mutumin ya yi mulki sama da shekara 40, ya kafa runduna tasa, ya tura ta cin Sudan a 1820, zuriyarsa kuma ta riƙe ƙasar har 1953.

Sai dai gwamna aka naɗa shi, wato wali, a ƙarƙashin Daular Usmaniyya (ta Turkawa nake nufi, ba ta Sakkwato ba). Ba ma a Masar aka haife shi ba. Ɗan Kavala ne, garin da ke Girka a yau, ya shigo a 1801 cikin sojojin da aka turo su kori Faransawa. Malaman Alƙahira, da Umar Makram a gaba, su suka juya wa gwamna Khurshid Pasha baya suka ce Muhammad Ali suke so, sannan Sultan Salim na Uku ya tabbatar da naɗin daga Istanbul. Duk ƙarfinsa, haraji yake aikawa can.

Dubi jikansa Isma'il, wanda ya samu laƙabin Khediwi, wato wakilin Sultan mai mulkin Masar, a 1867. A 1879, da Ingila da Faransa suka matsa saboda bashi, telegiram kawai Sultan ya aiko, an rubuta "tsohon Khediwi" a kai, aka sauke Isma'il, ɗansa Taufiƙ ya karɓi muƙamin. Sai a 1922 Fu'ad na Ɗaya ya ɗauki sunan "malik", wato sarki.