Katin asibiti na mai albashi ne, ciwo kuwa na kowa

Duk lokacin da aka tayar da zancen inshorar lafiya a Sakkwato, masu albashi ne ke magana, su ne kuma ake yi wa magana. Wannan ya ce kamfanin HMO, wato mai kula da biyan kuɗin asibitin masu inshora, bai turo lambar amincewa ba, wancan ya ce an rubuta masa magani an ce ya je waje ya saya. Ƙorafinsu gaskiya ne. Amma ni tambayata ta riga tasu: wa ya yanke cewa sai mutum yana da ubangida mai biyansa ƙarshen wata kafin jikinsa ya cancanci magani?

Amurka ce ta fi kowa nisa a wannan hanya, kuma ba zama aka yi aka zaɓe ta ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta ɗaure kamfanoni game da ƙarin albashi, sai suka koma jawo ma'aikata da alƙawarin biyan kuɗin asibiti. A 1954 doka ta tabbatar ba za a ɗora haraji kan wannan kuɗi ba, abu ya zauna daram. Ga farashinsa: binciken da KFF, cibiyar nazarin harkar lafiya a Amurka, ta yi a 2024 ya nuna inshorar iyali guda ta wurin aiki tana cin dala 25,572 a shekara. Ma'aikaci na biyan wajen dala 6,300, kamfani ya cika sauran. To amma kada kalmar "kamfani ya biya" ta ruɗe ka. Ɗan kasuwa ba ya kyauta. Tun ranar da ya ɗauke ka ya lissafa wannan kuɗi cikin abin da kake ci masa, ya rage albashinka daidai da shi. Kuɗinka ne, ba ka dai taɓa riƙe shi ba. Bayan haka kuma in ciwo ya zo sai ka fara biyan wani kaso daga aljihu kafin inshora ta sa hannu, in aiki ya ƙare katin ya bi shi, sai dai ka ɗauki nauyin kuɗin duka da kanka.

Birtaniya ta kafa NHS, tsarin kiwon lafiya na kowa da kowa, a 1948, ana biya daga haraji, direban bas da mai bas likita ɗaya suke gani. Tana kashe wajen kashi 11 cikin 100 na arzikinta kan lafiya, Amurka wajen kashi 17, kuma har yanzu akwai miliyoyin Amurkawa da ba su da inshora ko kaɗan. Eh, a Birtaniya mutum kan yi watanni yana jiran layin tiyata, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Sai dai ba ya sayar da gida don a yi masa.

Mu da muka tashi, sai muka fara da masu albashi. Shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, ya soma aiki a 2005 da ma'aikatan gwamnatin tarayya, a takarda mai aiki ya ba da kashi 10, ma'aikaci kashi 5 na tushen albashi. Katin na ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Don Allah a gidajenmu na Sakkwato, nawa ne suka tsaya a nan? Na san wani malami mai mata biyu da ya zauna da fom a gabansa yana ta juya biro, ya rasa wace zai rubuta. Uwargida ce mai hawan jini, amarya ce mai ciki. Tsohuwarsa da ke ɗakin baya kuwa ba ta ma cikin lissafi, alhali ita ta fi kowa zuwa asibiti.

Wannan fa wanda ya samu ke nan. Ɗan kabu-kabu fa? Manomin albasa na Wurno ko Goronyo, mahaucin Kara, baduku, mai tallan fura? Su ne yawancin jihar nan, kuma babu ƙarshen watan da za a cire musu komai. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyata yake fita. Ka tsaya bakin tagar biyan kuɗi a kowane babban asibiti ka gani. Dattijo ya miƙa takarda, an faɗa masa kuɗi, ya ce "Yallaɓai, wanne ya fi muhimmanci a ciki?" A yi masa alama kan biyu, ya bar uku. Ya koma gefe ya kira ƙanensa a ƙauye ya ce a kai tunkiyar nan kasuwa gobe.

Saboda haka nake ganin asusu ɗaya na kowa ya fi araha, ko da zai zo da haraji. Ghana ta yi haka tun 2003, ta ɗora kashi 2.5 kan kayan da ake saye don asusun lafiya, da matsalolinta, amma mai sayar da tumatir na iya yankar kati. Mu ma muna da tubalan ginin. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Dokar 2022 da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta wajabta inshora kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jiha na da hukumar inshorar lafiya, SOCHEMA, tana da hukumar zakka da waƙafi da za ta iya biya wa marayu da gajiyayyu. Masu ɗari-ɗari da inshora ta fuskar addini ma, in aka gina ta kan taimakekeniya ba riba ba, malamanmu na da abin faɗa.

Abin da nake so in gani shi ne, a kowace mazaɓa cikin 244 da ke ƙananan hukumominmu 23, a manna a bangon asibitin gari adadin mutanen da aka yi wa rajista, da kuɗin da suka shigo a wannan zangon, da magungunan da mai kati ba zai biya ba. Masu neman ƙuri'a in sun zo, a fara tambayarsu wannan takarda kafin a shimfiɗa musu tabarma.